Gaba da Gabanta: Darasi a Kan Ƙwayar da ke Cin Ƙwayoyin Cuta a Gurɓataccen Ruwa

Gabatarwa

A daren 9 ga watan Satumba na 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya kwararo cikin birnin Maiduguri ya mamaye unguwanni masu yawa. Shehuri, watau tsohuwar unguwar da ke maƙwabtaka da fadar Shehun Borno, tana cikin waɗanda ruwan ya ci. Ya shiga fada, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya raba mutane dubu ɗaruruwa da gidajensu. Shekara 30 kafin wannan, a 1994, birnin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya.

Ruwan ambaliya ba ya zaɓe. Abin da ke cikin masai, da na kwata, da na juji, duk yakan kwaso su ya zuba a rijiya da randa. Saboda haka ba a yi mamaki ba da Gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara, watau ciwon amai da gudawa, a farkon watan Oktoba na wannan shekara.

Kowa ya san gurɓataccen ruwa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin wannan ruwa akwai wata halitta da ta fi ƙwayoyin cutar ƙanƙanta, wadda ba ta da abin yi sai kama su da hallaka su. Hausawa sun ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. A kan wannan halitta za mu yi darasinmu: yadda masana ke kamo ta, da yadda suke gane halinta, da yadda suke sanya ta cikin danginta. Za mu kuma ga dalilin da ya sa ba a ba ta amana sai an yi wannan bincike duka.

Bakteriya da Bairos

Da Hausa duk mukan ce "ƙwayar cuta", amma ƙwayoyin iri-iri ne. Biyu daga cikinsu su ne suka shafi darasinmu.

Ta farko ita ce bakteriya. Wannan halitta ce mai rai sosai: tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu ta hayayyafa. Ƙanƙantarta ta kai a jera kamar guda 1,000 a cikin tsawon milimita ɗaya ko biyu. Ita ce ke kawo kwalara, da taifot, da wani irin atini, da tarin fuka. Wasu bakteriya kuwa masu amfani ne, kamar waɗanda ke mai da madara kindirmo, da waɗanda ke ƙosar da daddawa.

Na biyu shi ne bairos. Shi ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya haihuwa shi kaɗai. Ɗan ƙunshi ne kawai, a cikinsa akwai zaren gado, watau rubutaccen umurnin yadda za a ƙera wani irinsa. Sai ya shiga jikin wata halitta mai rai ya tilasta mata ta bar aikinta ta koma ƙera masa 'ya'ya. Bairos ne ke kawo ƙyanda, da shan inna, da shawara.

To, kamar yadda ake da bairos mai kama mutum, da mai kama kaza, da mai kama rogo, haka ake da mai kama bakteriya. Masana suna kiransa bakteriyofaj, ma'anarsa "maci bakteriya", a taƙaice kuwa faj. Ba ya kama mutum ko dabba. Duk inda bakteriya ta taru, can ake samunsa: a ƙasa, a kogi, a hanjin mutum, balle a kwata. Masana sun ƙiyasta cewa babu wata halitta a duniya da ta kai shi yawa, har a cokali guda na ruwan teku akan sami miliyoyinsa.

Yadda Aka Gano Shi

A 1896 wani masani Bature mai suna Ernest Hankin, wanda ke aiki a ƙasar Indiya, ya ba da labarin cewa ruwan kogin Ganjis da na Jamuna yana kashe ƙwayar kwalara, ko da an tace shi, amma in an tafasa shi sai wannan ƙarfi ya gushe. A 1915 Frederick Twort a Ingila ya ga wani abu yana narkar da bakteriyar da yake renonta. A 1917 kuma Félix d'Hérelle, a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya sami irin wannan abu a bayan gidan masu ciwon atini da suka fara samun sauƙi. Shi ne ya raɗa masa suna, shi ne kuma ya fara gwada shi a matsayin magani. A 1923 aka kafa cibiyar nazarin faj a birnin Tibilisi na ƙasar Jojiya, wadda ake kira Cibiyar Eliava, har yanzu kuwa tana nan tana aiki.

Duk wannan lokaci ba wanda ya taɓa ganin faj da ido, sai dai aikinsa. Sai a 1940, bayan an ƙera madubin bincike mai aiki da lantarki, aka ɗauki hotonsa a Jamus. Da aka sami fenisilin da sauran magungunan kashe bakteriya, sai ƙasashe da yawa suka ajiye batun faj a gefe. Wani dalilin kuwa shi ne, masu gwajin farko ba su san ainihin abin da ke cikin kwalabensu ba. Yau magani ya ci, gobe ya ƙi, ba a san sanadi ba. Wannan ne ya koya wa masana cewa tilas a san kowane faj ciki da waje kafin a dogara da shi.

Yadda Ake Kamo Shi Daga Ruwan Kwata

Mu ɗauka ma'aikacin bincike ya je Shehuri ya ɗebo ruwa daga wata kwata mai gangarawa Ngadda. Ga matakan da zai bi:

1. Zai zuba ruwan a kwalba mai tsabta, ya rubuta wuri da rana a jikinta, ya sa ta cikin akwatin ƙanƙara, domin zafi yana lalata wasu faj.

2. A ɗakin gwaje-gwaje zai juya ruwan a cikin wani inji har laka ta kwanta. Sa'an nan ya bi da shi ta wata matata wadda ƙofofinta ba su wuce kashi 1 cikin kusan kashi 5,000 na milimita ba. Bakteriya ba ta iya ratsa wannan matata, amma faj yana wucewa.

3. Zai ɗauko bakteriyar da yake neman maganinta, misali ta kwalara, ya haɗa ta da tataccen ruwan, ya shimfiɗa a kan wani faranti mai ɗauke da daskararren abincin bakteriya.

4. Zai rufe farantin ya ajiye shi ya kwana a wuri mai ɗumi daidai da na jikin mutum, watau digiri 37.

Da safe sai a ga bakteriya ta rufe farantin kamar yanar da ke kan kunu in ya huce. In akwai faj a ruwan, za a ga ƙananan huji sarari nan da can, kamar inda gara ta ci tabarma. Kowane huji faj guda ne ya fara shi: ya kama bakteriya ɗaya, ya hayayyafa a cikinta, ta fashe, 'ya'yansa suka kama na kusa, haka har wurin ya zama fili. In an ƙirga hujin sai a san yawan faj da ke cikin ruwan.

Daga nan sai a tsinci huji guda a sake shuka shi a sabon faranti, a maimaita kamar sau uku, don a tabbata iri ɗaya ne a hannu ba gauraye ba. Manomi ma haka yake ware iri kafin shuka.

Yanzu faj ya zo hannu. Amma baƙo ne, ba a san shi ba. Mai gida ba ya ɗaukar mai gadi ya miƙa masa makullai sai ya tambayi abin da ya iya, da halinsa, da asalinsa. Tambayoyi ukun nan su ne ake yi wa faj.

Tambaya ta Farko: Wa Yake Ci?

Faj yana da tsananin zaɓe. A jikin kowace bakteriya akwai wasu alamu, shi kuwa a ƙafafunsa ko a bakin wutsiyarsa akwai abin da ke kama alama guda, kamar makulli da kwaɗonsa. In alamar ba ta dace ba, sai ya wuce. Wanda ke cin ƙwayar kwalara ba ya taɓa ta taifot. Sau da yawa ma a cikin iri ɗaya na bakteriya yakan ci wasu ya bar wasu.

Don a gane wannan, akan jera faranti da yawa, kowane da irin bakteriyarsa, a ɗiga faj a kai, a rubuta inda ya ci da inda bai ci ba.

Akan kuma auna saurinsa da yawan haihuwarsa, bisa hanyar da Ellis da Delbrück suka tsara a Amurka a 1939. Wani sanannen faj mai suna T4, wanda ke cin bakteriyar hanji da ake kira E. coli, yakan gama aikinsa cikin kamar rabin sa'a, bakteriya ta fashe ta saki sababbi 100 ko fiye. Har wa yau akan gwada juriyarsa ga zafi, da tsami, da hasken rana. Wannan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai gare mu, domin a Maiduguri zafi yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Faj da ba ya jure wannan, ajiyarsa da jigilarsa za su yi wuya a ƙasar Borno komai ƙarfinsa.

Tambaya ta Biyu: Mene Ne Halinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin faj hali biyu gare shi.

Akwai mai kisa nan take. Da ya shiga bakteriya sai ya ƙwace ta, ya hayayyafa, ya fasa ta ya fito. Hujin da yake bari a faranti yakan fita fes.

Akwai kuma mai lamɓo. Shi in ya shiga ba ya kisa. Sai ya saƙa zaren gadonsa a cikin na bakteriyar ya kwanta shiru. Duk lokacin da ta rabu biyu, da shi take rabuwa, 'ya'yanta da jikokinta duk su gaje shi. Hujin irin wannan yakan yi dishi-dishi, domin wasu bakteriya sun tsira a tsakiyarsa. Esther Lederberg ce ta gano mafi shahara a cikinsu, mai suna lamda, a farkon shekarun 1950.

Haɗarin mai lamɓo shi ne, ba hannu rabbana yake shiga ba. Wani lokaci yakan zo wa bakteriya da tsarabar makami. Babban misali shi ne ita kanta kwalara. Ƙwayar da ke kawo ta, wadda masana ke kira Vibrio cholerae, tana da 'yan'uwa da yawa a koguna da tafkuna waɗanda ba su tayar da annoba. Abin da ke sa mutum zawo kamar ruwan shinkafa har ya bushe cikin sa'o'i kaɗan, wani dafi ne da ƙwayar ke fitarwa a cikin hanji. A 1996 masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Waldor da John Mekalanos, suka nuna cewa umurnin haɗa wannan dafi wani faj ne ya kawo shi, siriri kamar zare, wanda ake kira CTX. Watau ƙwayar da ba ta da wannan faj a cikinta ba ta da dafin kwalara, wadda ya shiga kuwa ta zama makashiya. Haka abin yake ga ciwon mashaƙo, wanda ya addabi Kano da Yobe da Borno da wasu jihohi a 2023: dafinsa ma faj ne ke kai wa bakteriyar.

A gefe guda kuma akwai faj masu kisa nan take da ke farautar ƙwayar kwalara. A ƙasar Bangaladash, inda kwalara ke zuwa kowace shekara, masanin nan Shah Faruque da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2005 cewa yayin da irin waɗannan faj suka yi yawa a ruwa, annobar takan ja baya. A 2011 aka bayyana uku daga cikinsu da aka samu a bayan gidan marasa lafiya a birnin Daka, aka sa musu suna ICP1, ICP2 da ICP3. Daga baya an sami ICP1 a Afirka ma, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango.

Mai karatu ya duba da kyau. A ruwa guda, a kan ƙwaya guda, wani faj yana ba ta dafi, wani yana kashe ta. Dukansu faj ake kiransu. Wanda ya ɗebo ruwan kwata ya ce ya sami magani ba tare da ya rarrabe su ba, zai iya yi wa ɓarawo rakiya yana tsammanin ɗan sanda ne.

Tambaya ta Uku: Su Wane Ne Danginsa?

Da farko da kamanni ake rarraba faj. In an duba su a madubin lantarki, mafi yawansu, kamar 96 cikin 100 na waɗanda aka duba, suna da kai mai kusurwoyi da wutsiya, sai ka ce talibambam. A kan ne zaren gado yake, ta wutsiyar kuma yake tura shi cikin bakteriya kamar allura. Shekaru da yawa masana sun kasa masu wutsiya gida uku: masu wutsiya mai tsukewa kamar famfon keke, da masu doguwar wutsiya mai lanƙwasa, da masu gajeriyar wutsiya. Sauran kuwa akwai masu kamar zare, irin su CTX, da mulmulallu marasa wutsiya.

Amma kama da wane ba ta wane. Hular Zanna Bukar ba ita ke mai da mutum Babarbare ba, in ana son sanin asalinsa sai a bi salsalarsa. Salsalar faj tana rubuce a zaren gadonsa, wanda ake kira DNA, wasu kuma RNA. Rubutun da haruffa huɗu kacal ake yinsa, suna ta maimaituwa. A 1977 Frederick Sanger da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka karanta zaren DNA na wata halitta tun daga farko har ƙarshe, karo na farko a tarihi, halittar kuwa wani ɗan ƙaramin faj ne mai haruffa 5,000 da 'yan kai. Na T4 ya kai kamar 169,000. A yau akwai injin da ke karanta wannan cikin kwana ɗaya ko biyu, kwamfuta kuma ta gwama shi da na dubban faj da aka riga aka sani.

Da aka yi ta wannan karatu sai aka tarar faj biyu suna iya yin wutsiya iri ɗaya alhali ba su haɗa komai ba sai can nesa. Saboda haka a 2022 Kwamitin Duniya na Rarraba Bairos, wanda aka kafa tun 1966, ya soke gidajen nan uku. Duk masu wutsiya yanzu suna ƙarƙashin babban rukuni guda mai suna Caudoviricetes, a cikinsa kuma ana ta kafa dangogi bisa abin da zaren gado ya nuna. T4, alal misali, ya koma dangin Straboviridae.

Tsarin hawa-hawa ne, kamar sarautar Borno, inda Bulama ke ƙarƙashin Lawan, Lawan ke ƙarƙashin Aja, Aja kuma ke ƙarƙashin Shehu. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce:

(a) In rubutun faj biyu ya yi daidai da kashi 95 cikin 100 ko fiye, iri ɗaya ne.

(b) In ya yi daidai da kamar kashi 70 cikin 100, zuriya ɗaya ce amma iri dabam.

(c) In bai kai haka ba, sai a duba wasu muhimman sassa da suka gada tare, a ga ko dangi ɗaya ne.

In faj ɗin da aka kamo a Shehuri bai dace da kowa ba, sabo ne ke nan. Sai a ajiye rubutunsa a rumbun da masanan duniya ke dubawa ta intanet, a kuma miƙa wa kwamitin shawarar sunan da za a ba irinsa.

Kada a ɗauka wannan aikin raɗa suna ne kawai. A cikin karatun ne ake duba abubuwa uku da rai ya rataya a kansu: ko faj yana da kayan aikin lamɓo, ko yana ɗauke da umurnin dafi, ko kuma yana ɗauke da abin da zai koya wa bakteriya ƙin jin magani. In an ga ɗaya daga cikinsu, an cire shi daga sahun magani ke nan. Sanin dangi kuma yana rage wahala, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: in an san halin danginsa, an san abin da za a fara dubawa a kansa.

Amfanin Wannan Ilimi ga Ƙasarmu

Na farko, faj shaida ne a kan ruwa. Irin wanda ke cin bakteriyar hanji daga bayan gida yake fitowa, saboda haka in an same shi a rijiya ko a famfo, alama ce ƙazanta ta sami hanya. Yana kuma jure wahala fiye da bakteriya, kusan kamar bairos masu cutar da mutum, irin su na shan inna da na ciwon hanta nau'in E, wanda ya ɓarke a Ngala ta Jihar Borno a 2017. Ana iya kashe bakteriya a ruwa amma bairos ya saura, faj kuwa shi zai tona wannan. Ƙasashen Tarayyar Turai sun sa auna shi a cikin dokarsu ta ruwan sha a 2020. Binciken ruwan kwata kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun 2011 aka fara ɗibarsa a Kano don neman bairos na shan inna, aikin ya bazu zuwa wasu jihohi, ya kuwa taimaka har aka tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Na biyu, faj yana taimakawa wajen bin sawun annoba. Tun da kowane yana da abin da yake ci, an daɗe ana amfani da shi don rarrabe ƙwayoyi masu kama da juna. Da irin wannan gwaji, wanda masanin Indiya Mukerjee ya tsara, ake bambanta tsohuwar ƙwayar kwalara da sabuwa mai suna El Tor. Ita El Tor ɗin ta taso daga Indunisiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. A 1971 ta kama mutane fiye da 22,000 a Nijeriya, kusan 3,000 suka rasu. Tun daga nan take dawowa, kamar yadda aka gani a 1991, da 2010, da 2021, da kuma sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garej a Maiduguri a 2017.

Na uku, akwai fatan magani. Bakteriya da yawa sun daina jin magungunan da aka saba da su, saboda yawan shan su barkatai. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa wannan ya kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, Afirka ta Yamma ce kuwa abin ya fi yi wa ɓarna in an gwada da yawan jama'a. A Jojiya da Folan da Beljiyam da Amurka likitoci sun yi wa wasu marasa lafiya magani da faj bayan sauran magunguna sun gaza, sau da yawa kuwa daga ruwan kwata aka samo faj ɗin. A 2017 masana a Amurka suka nuna cewa haɗin ICP1 da ICP2 da ICP3 ya kare jariran ɓeraye da zomaye daga kwalara. Wannan gwajin dabbobi ne. Tun da faj mai zaɓe ne, wanda aka kamo a Daka ba lalle ne ya ci ƙwayar Maiduguri ba. Inda ƙwaya take, can maciyinta yake. Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban jami'o'inmu, kayan aikinsa na farko kuwa yana gudana a bakin kowane lungu.

Gargaɗi ga Jama'a

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe ƙazamin ruwa yana wanke kansa. Faj ba ya ƙarar da bakteriya, domin in ya ƙarar da ita shi ma ya ƙare. Wasu ƙwayoyin kullum suna tsira, waɗanda suka tsira kuwa sun isa su kwantar da gida guda. Ruwan da faj ya yi yawa a cikinsa, ruwa ne da ƙazanta ta yi yawa a cikinsa. Haka kuma duk wanda ya zo muku da kwalba a kasuwa ko a mota ya ce maganin faj ne, ku guje shi. Abin da ya wajaba a kan kowane magidanci da uwargida shi ne:

1. A tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka, ko a sa masa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Ko na 'yan ga-ruwa ne, a yi masa haka.

2. A rufe randa, a ware mata moɗa guda mai mariƙi, kada hannu ya taɓa ruwan.

3. A haƙa masai nesa da rijiya, kamar mita 30, a kuma ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi.

4. Bayan ambaliya kada a sha ruwan rijiyar da ruwa ya shiga sai an yashe ta an sa mata magani.

5. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci.

6. A daina zuba shara a kwata, a riƙa yashe ta kafin damina.

7. In mutum ya fara zawo kamar ruwa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. In babu na ƙunshi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A garzaya da shi asibiti yana sha a hanya.

8. In an kawo rigakafin kwalara na ɗigawa a baki, kamar yadda aka ba mutane fiye da 800,000 a Borno a 2017, a fito a karɓa.

9. In kun ga ma'aikata suna ɗibar ruwa a kwatar unguwarku, ku ba su haɗin kai, ku nuna musu inda ruwa ke taruwa. Lafiyarku suke tsaro.

Tambayoyi Don Bita

Malaman makarantu da na azuzuwan yaƙi da jahilci suna iya amfani da waɗannan:

1. Faɗi bambanci biyu tsakanin bakteriya da bairos.

2. Don me ake tace ruwan kwata kafin a zuba shi a faranti?

3. Mene ne bambancin faj mai kisa nan take da mai lamɓo? Wanne ne ba a yin magani da shi, kuma don me?

4. Daga ina ƙwayar kwalara ta samo dafinta?

5. Me ya sa masana suka daina rarraba faj bisa kamannin wutsiyarsa?

6. In an sami faj mai cin bakteriyar hanji a rijiyar gidanku, me wannan ke nunawa, kuma me za ku yi?